Aikin Ido da Na'urar Leza: Tambayoyin da Majinyata da Masu Jinya Suka Fi Yi

Cire yanar ido aiki ne na minti 15 zuwa 30 a hannun likitan da ya goge. Amma ganin da aka zo nema ya rataya ne a kan abubuwa da yawa da ake yi kafin a shiga ɗakin tiyata da bayan an fito, kuma yawancinsu suna hannun ma'aikatan jinya da wanda ke zaune da mara lafiya a gida. Ga tambayoyin da aka fi jefo wa nas-nas a asibitocin ido. In amsar da ke nan ta saɓa da abin da likitanku ya faɗa, ku bi nasa, shi ya leƙa idon.

Ido kawai za a taɓa, me ya kawo gwajin suga da hawan jini?

Idan suga ya yi sama, rauni ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Hawan jini mai tsanani yana ƙara haɗarin zubar jini a cikin ido ana tsaka da aiki. Shi ya sa wani lokaci za a ce ku koma gida a daidaita waɗannan biyun tukuna. Mun san abin da ciwo, musamman ga wanda ya biya kuɗin mota daga ƙauye, amma ɗage aikin mako biyu ya fi a yi shi a kan ganganci.

Nas za ta kuma duba fatar ido da gindin gashin ido, ta danna lungun da ke kusa da hanci. In kwantsa ko ruwa mai kauri ya fito daga nan, hanyar hawaye ta toshe ta tara ƙwayoyin cuta, kuma sai an magance wannan kafin a buɗe idon. Tari mai yawa ma yana sa a dakata, domin mai tari ba zai iya kwanciya shiru ba.

Sai awon ido. Yana ba fata ba ce da ta rufe ido daga waje, madubin da Allah ya halitta a cikin ido ne ya dusashe. Idan an cire shi, ana sa na roba a gurbinsa, kuma kowane ido da lambarsa. Ana auna tsawon ƙwayar idon da lanƙwasar gabansa, a lissafa lambar. Likitan Ingila Harold Ridley ne ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgi da ya shiga idon matuƙa jiragen yaƙi bai tayar da kumburi ba. Shi ma ɗin ya taɓa aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa.

Waɗanne magunguna ne dole a faɗa wa nas?

Duka, har na gargajiya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zubo su a leda a zo da su, don "ƙaramar farar ƙwaya" ba suna ba ne.

Akwai waɗanda muke kasa kunne a kansu musamman. Dattawa maza masu wahalar fitsari da ke shan tamsulosin su faɗa, ko da sun daina sha tuntuni, saboda maganin yana sa baƙin ido ya saki, ya riƙa lilo lokacin aiki. Tun 2005 likitoci suka gano wannan, kuma in an sani da wuri akwai dabarun da ake shiryawa. Masu shan magungunan hana jini daskarewa, irin su asfirin ko warfarin, kada su daina da kansu. Sau da yawa ba a dakatar da su don aikin yana, kuma dainawar na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai asma ya faɗa, domin ɗigon timolol na rage hawan jinin ido, wato hawan matsin ruwan da ke cikin ido, yana iya tayar masa da ita. Mai sikila ya faɗa da babbar murya, don ƙwayar acetazolamide da akan bayar don sauke matsin ido ba ta dace da shi ba. Haka wanda wani magani ya taɓa yi wa ƙuraje ko kumburi.

A ci abinci ranar aiki ko a zo da yunwa?

Ya danganta da yadda za a kashe zafin. Manya galibi ido kaɗai ake kashewa, suna farke, kuma asibitoci da yawa suna barin a ɗan karya kumallo da abu mara nauyi a sha maganin hawan jini kamar kullum. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da insulin ko ƙwayarsa tun ranar da aka ba shi lokaci. Yara da waɗanda za a sa barci su ne ke da doka mai tsauri: babu abinci awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Uwar da tausayi ya sa ta ba yaro koko a ɓoye ta faɗa kawai. Amai a cikin barcin tiyata yana iya gangarawa huhu.

A yi wanka, a wanke kai da fuska da sabulu, a sa tufafi masu tsabta marasa matse wuya. Ban da kwalli, hoda da man shafawa a fuska.

Me ya sa kowa sai ya tambaye ni wane ido ne? Ba a rubuta ba?

An rubuta. Amma takarda tana iya kuskure, kuma a ranar da aka jera mutum talatin za a iya samun masu suna ɗaya har uku. Don haka nas ba za ta ce "na dama ne, ko?" ba, domin dattijo mai kawaici zai gyaɗa kai kawai. Cewa za ta yi: "Baba, faɗa min sunanka da na mahaifinka. Wane ido za a yi wa aiki? Nuna min da hannunka." Sannan a yi alama da alƙalami a goshi saman idon. Kafin likita ya ɗauki wuƙa, ana sake tsayawa kowa ya saurara, a karanto suna, da idon, da lambar madubin da ke jikin kwali. Wannan yana cikin jerin matakan kariya na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Maimaita tambayar ba alamar ruɗewa ba ce. Ranar da ba a tambaye ku ba, ku ku faɗa.

Ɗige-ɗigen da ake yi kafin a shiga fa?

Na buɗe tsakiyar baƙin ido ne don likita ya ga abin da yake yi, irin su tropicamide da phenylephrine. Suna ɗan yaji, suna sa gani ya yi dishi-dishi, haske kuma ya dami mutum na wasu awoyi. A kan gadon tiyata kuma ana wanke fatar ido da ruwan aidin, a ɗiga mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a cikin idon, a bar shi kamar minti 3. Cikin duk matakan hana ƙwayoyin cuta shiga ido, wannan mai arhar yana sahun gaba, kuma nas ta gari ba ta yarda a gajarta mintunan nan don layi ya yi tsawo.

Gaskiya ne ana ciro idon a wanke a mayar?

A'a. Ido yana nan a gurbinsa daga farko har ƙarshe, jijiyoyi sun riƙe shi. Ƙaramar kafa ake yi a gefe, milimita 6 zuwa 7 a aikin hannu da aka fi yi a asibitocinmu, ko 2 zuwa 3 in da na'ura ce.

Zafin da aka fi ji shi ne na allurar kashe zafi a gefen ido, kuma ba ya daɗewa. Wasu ma ɗigo kaɗai ake yi musu. Daga nan za a lulluɓe fuska da ƙyalle mai tsabta, a bar idon da za a yi wa aiki. Nan ne tsoro ke kama mutane, ba don zafi ba, don rufe fuskar. Iska tana shiga ta ƙarƙashi. Za ku ga haske mai ƙarfi, wani lokaci launuka, ku ji ruwa mai sanyi yana gangarawa ta gefen kunne, ku ji muryoyi. Nas kan riƙe hannun mara lafiya ta ce, "Iya, in za ki yi tari ko atishawa, matse hannuna, kada ki motsa kai." Ana matsewa sai ta sanar da likita ya janye kayan aiki. Ana iya yin zikiri a zuci. Motsa leɓe da ƙarfi ne ke girgiza kai. Mai ciwon baya ko mai sarƙewar numfashi in ya kwanta rigingine ya faɗa tun a waje, a shirya matashi.

An ce a wani asibiti da leza suke cire yana. Ta fi kyau ne?

Galibi abin da mutane ke kira haka ba leza ba ne. Na'urar fako ce, wadda Charles Kelman ya fito da ita a Amurka a 1967: tsinke ne siriri mai girgiza da sauti mai saurin gaske, yana farfasa yanar yana zuƙewa. Kafarta ƙarama ce, ido yana saurin lafawa, amma ta fi tsada. Yanar da ta daɗe ta yi tauri ƙwarai kuwa, sau da yawa aikin hannu ya fi dacewa da ita, kuma in an yi shi da kyau ganin da ake samu ba ya da wani nisa da na fako. Akwai wata leza da ke taimakawa a wasu matakan aikin yana, amma tana da tsada sosai, kuma ko da ita sai an shiga cikin idon. Kada mutum ya zauna da makanta shekara biyu yana tara kuɗin "aikin leza".

To me leza take yi wa ido?

Leza haske ne mai launi ɗaya da aka tattara wuri guda. An fara kunna ta a 1960, likitocin ido kuma suna cikin waɗanda suka fara amfana da ita, tunda ido ne gaɓar da haske ke ratsawa har ciki ba sai an yanka ba. Iri-iri ce, kowace da aikinta.

Wadda aka fi haɗuwa da ita ita ce ta YAG. Bayan aikin yana da watanni ko shekaru, siririn tantanin da ke riƙe da madubin roba yakan yi hazo ga kusan mutum ɗaya cikin biyar, sai ya zo yana cewa yanar ta dawo. Ba ta dawo ba. A zaune, cikin 'yan mintuna, ake huda tantanin da leza, gani ya washe, yawanci zuwa washegari. Da ita kuma ake yin 'yar ƙofa a baƙin ido ga wanda hanyar ruwan idonsa ta matse.

Koriyar leza ita ce ta tantanin bayan ido, wanda ciwon suga ko sikila kan lalata har ya tsiro da miyagun jijiyoyin jini masu fashewa. Ana yin ɗigo-ɗigon ƙuna sama da 1,000 a gefen tantanin, sau da yawa a zama biyu ko uku. Babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna wannan yana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. A nan ne nas ya kamata ta yi magana ba ɓoye-ɓoye: wannan leza ba ta ƙara gani, tsare wanda ya rage take yi, kuma tana iya rage ganin dare da na gefe. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba shi ne yake gudu bayan zaman farko, ya ce leza ta ɓata masa ido, ya dawo bayan shekara da jini cike da idon. Haka lezar hawan jinin ido: tana sauke matsi, amma ganin da cutar ta riga ta cinye ba ya dawowa.

Ta gyaran gani don a rabu da tabarau kuwa wani fanni ne daban, tana sassaƙa gaban ido, kuma ba kowane ido ya dace da ita ba.

Yaya zaman leza yake, kuma me ya sa ake hana ɗan rakiya shiga?

Ana zaune ake yi, haɓa a kan maɗora, goshi a jingine, kamar gwajin ido na yau da kullum. A ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora ɗan madubi a kan idon. YAG ƙas-ƙas kawai ake ji. Ta bayan ido tana walƙiya, wani lokaci da ɗan suka. In ya yi yawa a faɗa, ana iya rage ƙarfi ko a huta. Bayan an gama akan auna matsin ido, domin yana iya hawa cikin awoyin farko. A zo da ɗan rakiya, kada a tuƙa mota ko babur a ranar.

Hana shiga kuwa don tsaron idon masu lafiya ne. Hasken da zai iya ƙona tantanin mara lafiya da gangan zai iya ƙona na nas bisa kuskure, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na YAG, mai tsawon zango nanomita 1064 (lambar da ke bambanta hasken wata leza da na wata), ba a ma ganinsa sam. Don haka akwai alamar gargaɗi a ƙofa, ana rufe ƙofa da tagogi, a kawar da madubi da kayan ƙarfe masu ƙyalli. Duk wanda ke ciki yana sa tabarau na kariya, kuma kowane tabarau da lambar hasken da yake tarewa a rubuce a jikinsa: na koriyar leza mai 532 ba lallai ya tare na 810 ko 1064 ba, baƙin gilashin rana kuwa ba ya tare komai. Ɗalibar jinya ta koyi karanta wannan lamba kafin ta koyi kunna na'urar. Na'urar tana zama a yanayin jira har sai likita ya ce ya shirya, shi kaɗai ke taka fedar, in an gama a zare makulli a adana, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi da yawan harbi. In a ɗakin tiyata ne, a kula da iskar oksijin da ke taruwa a ƙarƙashin ƙyalle da sinadarin goge fata mai kama wuta da bai bushe ba.

An fito daga tiyata. Sai me?

Za a rufe idon da auduga da murfin roba, yawanci zuwa washegari. Jin kamar yashi a ido, hawaye da ɗan ja duk ba abin damuwa ba ne, farasitamol ya isa. A kwanta rigingine ko ta ɓangaren da ba a yi wa aiki ba. Dattijon da ɗaya idon ma ba ya gani sosai a riƙe masa hannu zuwa banɗaki, faɗuwa a daren farko haɗari ce ta gaske. Murfin robar a ci gaba da sa shi da dare na aƙalla mako ɗaya, saboda mai barci bai san ya murza ido ba.

Yaya ake ɗiga magani daidai?

A wanke hannu da sabulu. Mara lafiya ya ɗaga kai ya kalli sama, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa ba. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu kunci yake bi. Ya rufe ido a hankali, a danna lungun kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. In magani biyu ne a bar minti 5 tsakani, mai maiƙo ya zo ƙarshe. Mun fi so mai jinyar ya gwada a gabanmu kafin sallama, kuma in ba ya karatu a ɗaura wa kwalaben zare mai launi daban-daban, a haɗa lokutan da lokutan salla.

Kada a daina don ido ya yi fari, kada kuma a ci gaba da sayen maganin a kemis bayan wa'adi ya cika. Ɗigon rage kumburi yana ɗauke da sitiroyid, wanda in aka daɗe a kansa yana iya hawar da matsin ido a ɓoye har ya kashe jijiyar gani. Kwalbar da aka buɗe ta wuce mako 4 a yar da ita.

Salla, alwala da azumi fa?

Likitoci da yawa suna cewa a jinkirta sujada na kwanakin farko, wasu mako ɗaya, wasu biyu, gwargwadon irin aikin. Ku tambaya kafin ku bar asibiti. Addini ya ba mara lafiya damar salla a zaune da ishara. Wajen alwala, abin gudu shi ne ruwa ya shiga idon. Malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da taimama, sai a nemi fatawa a wurinsu. Masu yin taimama su kakkaɓe hannu sosai, kada ƙasa ta kusanci idon. Game da ɗigo da rana a watan azumi malamai sun saɓa. Danna lungun ido da muka ambata yana hana ɗanɗanon sauka maƙogwaro. Abin da ba mu so shi ne a tsallake magani a makon farko a yi shiru. In da damuwa, a faɗa tun wajen tsayar da ranar aiki.

Yaushe za a koma aikin gida da gona?

Tafiya, hira, kallon talabijin, duk babu laifi tun washegari. Daka, surfe, shiƙa, jan guga, ɗaukar kaya mai nauyi, shara da zama a hayaƙin murhu su jira mako 2 zuwa 4. Wannan magana ce ta mutanen gida fiye da mara lafiyar, don tsohuwar da ta saba motsi ba za ta zauna ba in ba a karɓe mata tsintsiyar ba. Lokacin hunturu a sa baƙin gilashi in za a fita. Kwalli sai bayan wata guda, kuma da izinin likita. Ruwan nono, ruwan suga, ruwan ganye da duk wani abin da maƙwabta za su kawo, kada ko ɗaya ya shiga idon.

Wace alama ce ke nufin a koma asibiti nan take?

Zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa. Ganin da ya fara washewa sannan ya koma baya. Ja mai tsananta, kumburin fatar ido ko ruwa mai kauri. Ciwon kai mai tsanani da amai. Walƙiya a cikin ido, baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana farat ɗaya, ko duhu da ke tasowa daga gefe guda. Shigar ƙwayoyin cuta cikin ido bayan aiki abu ne mai wuyar faruwa, amma in ya faru, galibi a makon farko, yana iya gama da ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati, ba a jiran Litinin. Ku karɓi lambar wayar asibiti kafin sallama, wanda kuma gidansa ke da nisa ya fi kyau ya kwana a gari har a duba shi.

An sa min iska a ido, an ce kada in hau jirgi. Ina da tafiyar Umara.

A ɗage tafiyar. A aikin tantanin bayan ido akan cika idon da iskar gas don ta danne tantanin har ya manne. Wata tana kai mako 2, wata mako 6 zuwa 8. In jirgi ya yi sama iskar tana kumbura, matsin ido ya hau har ya makantar. Haka in wata tiyatar gaggawa ta taso, a sanar da mai sa barci, domin iskar nitrous oxide da akan shaƙa wa mutum wajen sa barci ma tana kumbura ta. In an ce a riƙa kifa fuska ƙasa, a daure a yi. Wahala ce, amma nasarar aikin tana tare da ita. Wanda aka yi wa aikin yana kaɗai wannan doka ba ta shafe shi ba.

Masu aikin ido na gargajiya fa? Wasu sun ce sun gani bayan an yi musu.

Suna tura yanar ne da tsinke ta faɗa cikin ido. Haske yana shiga, mutum ya ga inuwar mutane, ya yi murna a ranar. Amma babu madubi a gurbin, babu tsabta, yanar kuma tana can ciki tana tayar da kumburi da hawan jinin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka yi musu, kuma mafi yawansu sun ƙare a makance. Garin gyaran gira ke nan. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa duk suna wannan aiki, kuma akan yi gangamin aikin yana kyauta ko da rangwame a jihohi.

Yaushe za a yi tabarau, kuma yaushe za a yi ɗaya idon?

Gwajin tabarau sai ido ya lafa, mako 4 zuwa 6 bayan aiki. Madubin roba da aka fi sawa an saita shi ne don ganin nesa, don haka mai karatun Alƙur'ani, tela da mai tsince shinkafa za su buƙaci gilashin kusa. Ido na biyu kuma akan jira a ga na farko ya warke lafiya, sannan a tsayar da rana. A zo da katin aikin farko, don lambar madubin da aka sa da yadda ganin ya fito suna taimakawa wajen zaɓen na biyu.